Tafarnuwar da ta dawo a cikin kwano

Murfin kwano ne ya suɓuce mini ɗazu a kicin, ya yi ta juyawa a ƙasa yana ƙara, sai ga ni a gidanmu na Wurno ina 'yar yarinya. Sana'ata yanzu rubutu ce a kan girki da abin da girki yake faɗa game da mutane. Masu karatu sun fi son in tsaya a kan gishiri da daddawa, in bar musu dogon tunani. Yau kam sai kun yi haƙuri da ni.

A unguwarmu, idan aka aiko maka da abinci, ba ka mayar da kwanon wayam. Ko barkono ne sai ka jefa a ciki. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana, haka muka tashi muka gani.

Shekarar da gulbi ya cika ya shanye shinkafar fadama, gidaje da yawa sun koma cin tafasa da rama. Mu muna da sauran dawa a rumbu. Bayan gidanmu kuwa akwai wata tsohuwa da muke kira Goggo, mijinta masunci ne ya rasu, ɗanta ya tafi ci-rani ba labari. Abin da take rayuwa da shi ɗan fili ne da take shuka tafarnuwa idan sanyi ya shigo. Kakata, mace mai kaifin baki da taushin zuciya, ta ɗora mini kai mata tuwo kullum da la'asar.

Da farko kwanon yakan dawo da ɗan busasshen kifi. Daga baya daddawa. Sannan sai tafarnuwa ta fara zuwa, manya-manyan ƙwayoyi farare, har warinsu ya kama murfin. Ni murna nake yi, miyarmu za ta yi daɗi. Kakata ta ɗauki ɗaya ta juya ta a tafin hannu.

"Wanga iri na, ba na miya ba," in ji ta.

Goggo ta ƙarar da duk abin da za ta iya bayarwa, ta shiga irin shukarta. Kowane tuwo da muka kai yana cinye shukarta mai zuwa. In an daina aikawa yunwa ta kashe ta yanzu, in an ci gaba ta kashe ta nan gaba. Kakata ta shiga tara ƙwayoyin a wata tukunya, da niyyar mayar mata ranar shuka. Amma ta kasa jurewa ganin suna ta zuwa. Sai ta yi dabara irin ta masu kirki: ta ce in juye tuwon a kwanon Goggo, in taho da namu nan take.

Na juye. Ina juyawa zan fita, Goggo ta riƙe mini hannu. Tafinta kamar busasshen ganye, amma riƙon ya yi zafi.

"Mi niy yi ma kakakki da za ta maishe ni 'yas sadaka?"

Washegari da na kai tuwo ta ƙi karɓa, ta ce azumi take yi. Rana ta gaba ma haka. Wa zai tilasta wa mai azumi ya ci? Kakata ta je da kanta, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ɗauko tukunyar irin ta ajiye a gabanta. Goggo ta ce ita ba ta karɓar abin da ta riga ta bayar. Ta rame har zani ya daina zama a ƙugunta. Zazzaɓin ƙarshen damina ya same ta babu ƙarfin da zai tare shi, aka kai ta makwancinta kafin a fara shuka. Na ji haushin kakata, na ji haushin Goggo, kuma har yau ban gama yanke wa kowa hukunci ba.

Yanzu abinci a leda ake rabawa, a ci a yar. Kwanakin baya na bi masu aikin agaji zuwa Goronyo muna raba dafaffiyar shinkafa ga matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan wajen Shinaka. Sun bar rumbunansu, wasu sun bar mazajensu a ƙasa. Wata dattijuwa ta karɓi nata, ta ƙi matsawa. Ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini 'ya'yan kuɓewa busassu. Na san ko mene ne, iri ne da ta gudo da shi. Wata abokiyar aikina ta buɗe baki za ta ce ta bar kayanta, na taka mata ƙafa. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya, dattijuwar kuma ta nemi inuwa ta zauna ta ci.