Ilu Maɗori da Gurgun Kare

Ilu ƙanin mijina ne, maɗori a Sheshe, wurin ubansu ya gaji sana'ar. Fara'a dai Allah bai ba shi ba, amma in ya shafa ƙashi da yatsa biyu sai ya gaya maka inda ya tsage. Ƙa'idar gidansu ɗaya ce: wanda aka ɗaura wa kara ba a sallamarsa sai ya taka da ƙafarsa.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, wani hafsa ya kwashe kayansa ya bar karensa wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Kare dogo kamar taɓarya, ƙafafun ba su kai taƙi ba, na gaban a lanƙwashe, yana ɗingisa ta dama. Ilu bai taɓa ganin irinsa ba, ya ɗauka mota ce ta take shi. Ya sa shi a buhu ya kawo zaure, ya ja ƙafar, ya jera kara ya ɗaure.

Na ce, "Ilu, mutane sun ƙare ne ka koma kan danginka?"

Ya ce, "Matar yaya, ƙashi dai ƙashi ne."

Bayan kwana arba'in aka kwance, ɗingishi na nan. Likitan dabbobi ya duba ya ce babu karaya. Irinsu haka ake haifarsu, gaɓar gwiwar gaba ba ta zauna daidai ba, kuma ba za ta zauna ba.

Kafin nan magana ta zaga unguwa. Wa zai miƙa ɗansa ga hannun da kare ke lasa? Ilu yakan wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa, a gaban kowa, duk da haka masu karaya suka koma wurin maɗoran Jakara. Mijina Isyaku ya same shi ya ce, "Kore shi mutane su dawo."

"Yaya, na ɗaura masa kara. Bai taka ba."

Shekara shida yana gasa gwiwar nan da ruwan zafi yana shafa man shanu, zaure fayau. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ni ya aika a kira, ba yayansa ba.

Ya ce, "Bakinki ne ba mai iyawa da shi a unguwar nan. Kar a sallame shi."

Na ce, "Ka rasa abin bar min gado sai gurgun kare?"



Shekara biyu na yi ina ɗora wa karen ruwan zafi kowace safiya. Ba wanda ya tanka min.