Zaman Shari'ata a Port Saeed

Ranar Litinin ta biyu a watan Maris na 2019, da ƙarfe goma da kwata na safe, ina zaune a ofishin wani mai kago, wato mai aika kayan 'yan kasuwa ta jirgin ruwa, a unguwar Port Saeed da ke ƙasar Larabawa, tare da surukina da 'yan kasuwa biyu mutanen Kano. Aikin tiyatar gwiwa ne ya kawo ni wurin 'yata a unguwar Abu Hail, mijinta kuwa ya fito da ni ran nan in sha iska.

Mutanen biyu suna gardama a kan gurbin ƙarshe a kwantenar da za ta tashi ranar Alhamis, wadda daga ita babu wata da za ta kai kaya Kano kafin Sallah. Mai shadda ya ce an yi masa alkawarin gurbin ta waya. Mai takalma ya ce kayansa ne suka riga shiga sito. Mai kagon ya ce su daidaita su gaya masa.

Sai surukina ya ce, "Ai ga Baba nan. Shekara talatin da biyar yana kotu."

Bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa ba. Rajistara nake, ba alƙali ba. Ina fitowa daga makarantar mishan na shiga kotun lardi, inda ake ɗaukaka ƙara daga kotunan alƙalai na gundumomi. Aikinta shi ne ta duba ko an ji kowa, ko an bi ƙa'ida. Da aka yi jihohi aka canja tsarin, aka mai da ni babbar kotu. A duka biyun ƙasan kujerar alƙali nake zama, ina rubutu, ina kuma gyara hukunce-hukuncensa a cikin zuciyata. Ban taɓa shakkar cewa da ni ne a sama, da an ga aiki ba.

Saboda haka na gyara zama, na nemi takarda da rula.

Mai takalma ya ce, "Baba, rular fa?"

Na ce, "Ba a rubutu ba a ja layi ba."

Mai shadda ya ce, "Ranka ya daɗe, abin ba shi da tsawo. Ka ce a raba mana biyu, halas, shi ke nan. Ko wannan mai kan tsiyar zai yarda."

"Ni ne mai kan tsiya, Alhaji? Kai da ka kama gurbi daga kan gado?"

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Na bayyana musu cewa rabawa ba shari'a ba ce, gudun shari'a ne, kuma irin wannan sakaci aka kafa kotun lardi ta gyara. Na ba su tarihinta tun daga zamanin Razdan. Na lura mai kagon ya fita sau biyu kafin in kai ga samun 'yancin kai.

Na ɗauki bayanin kowa, na karanta masa, ya sa hannu. Sannan na nemi direban da ya kai takalman sito, aka ce ya tafi garin Hatta sai Laraba. Na ɗage zama zuwa Laraba. Direban ya zo, ɗan Pakistan ne, ba ya jin Hausa, na ƙi yarda wani daga cikin masu ƙara ya yi tafinta, sai da aka nemo baƙo.

Mai takalma ya ce, "Yalla, Baba, don Allah a yanke yau."

Na ce hukunci ba ya fita sai a rubuce, su dawo gobe ƙarfe tara.

Shafi shida na rubuta. Na sake kwafe na huɗu saboda ɗigon tawada. Har yau ina ganin hujjojina ba su da makusa: na ba mai takalma gaskiya, domin alkawarin waya bai sami shaida ba. Na yi tambaya kusan arba'in a shari'ar nan, ban tambayi lokacin da ake rufe kwantena ba. An ce za ta tashi Alhamis, na ɗauka Alhamis ake lodi.

Na isa ƙarfe tara saura biyar, da kwat. Mai kagon ya gaishe ni da ladabi, ya ce sun rufe ƙofar kwantenar tun jiya bayan la'asar, mota ta wuce tashar jirgi. Ya jira magana daga gare mu bai ji ba, ba zai aika kwantena da gurbi ba.

Mai shadda ya dubi takardun hannuna ya ce, "Baba, karanta mana, tun da ka sha wahala." Na karanta, daga farko har ƙarshe, suka saurara.

Gurbin ya tafi ga wani mai turare mutumin Maraɗi. Shaddar da takalman sun isa Kano mako uku bayan Sallah.