Sista Motsi, Wadda Ta Kore Ni Daga Gefen Gadon Surukina

Ƙarfe bakwai na safe take shigowa ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata. Kafin ta ɗora abin sauraronta a kan cikin majinyaci, sai ta murza shi a tafin hannu ya yi ɗumi. Ta sunkuya, ta lumshe ido, ta kasa kunne. Shekara talatin da ɗaya tambayarta ɗaya ce: "Akwai motsi?" Har sunanta na yanka ya ɓace, kowa Sista Motsi yake ce mata. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa ba zan bari ta tafi shiru ba.

Takan yi wa 'yan jinya bayani dalla-dalla. "Hannu kai ke ɗaga shi, ƙafa kai ke miƙe ta. Motsin da nake nema na hanji ne, shi ba ya neman izinin kowa. Da kansa yake matsawa ya saki, ya tura abin da ke ciki gaba. In an buɗe ciki an ɗinke sai ya kwanta, kafin ya farka kuwa ko ruwa ba a ba mutum. Shaidar ya farka ita ce iska ta fita ta ƙasa." Mai sharar ɗakin ta rantse mini cewa daga bakin ƙofa Sista ke jin ƙamshin romon da aka ɓoye a ƙarƙashin bargo. Ta taɓa karɓe kwano daga hannun wata uwa mai kuka, sannan ta zauna da ita har hankalinta ya kwanta.

Bara aka yi wa mahaifin matata aikin ciki. Ni kuwa, wai suruki na gari, na ɗauki hutu na kafa kujera a gefen gadonsa, ko nan da can ba na zuwa. Kullum likita ya tambaya, "Baba, iska ta fita?" sai Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu komai." Ciki ya yi tamtsan, Baba yana ta gumi. Rana ta huɗu likita ya ce gobe za a sake shiga da shi tiyata, kuma ba lallai zuciyarsa ta ɗauki allurar barci karo na biyu ba. Matata ta zube a ƙasa. Ni ma wallahi na tsorata.

Sista ta sake saurarawa, ta daɗe. Ta ɗago ta dube ni.

"Malam, ɗansa ne kai?"

"Mijin 'yarsa ne."

"Kwana nawa kana nan?"

"Huɗu, Sista," na faɗa har da alfahari.

"Ikon Allah! Ɗauki kujerarka ka fita. Ke ma bi mijinki."

Raina ya ɓaci, na ce wannan mata ba ta san mutunci ba. Ta ja labule. Ko minti goma ba a yi ba ta leƙo tana danne dariya. "A faɗa wa likita ba sai an shiga ba. Tun jiya hanji ya farka. Dattijo yana ta riƙewa, wai ba zai yi abin kunya gaban suruki ba."

Na zauna daɓas a kan benci, ban san sanda hawaye suka zubo ba. Ashe ni ne ciwon! Da yamma Sista ta ba Baba cokali biyu na ruwa da hannunta, bayan kwana biyar muka koma gida.

Sista Motsi, ke ce kika saurari ciki kika kuma dubi wanda ke zaune a kujera. Uwar marasa lafiya, mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. 'Yan baya, ku koyi wannan ido nata. Mu kuma masu jinya, mu riƙa ba mara lafiya wuri.

Baba ya ce in gaishe ki, amma kada in kuskura in faɗa wa kowa dalili. Ga shi na faɗa. Ranar da ya ji, Sista, ke za ki zo ki raba mu.