Saƙon Mahaifiyata a Zangon Kumasi

Shekarun baya, lokacin ana bin hanyoyin Nijar da Burkina ba tare da fargaba ba, ni da abokina muka yi wata tafiya da har yau 'yan gidanmu ke kiranta yawon banza. Ni ina koyarwa a wata sakandare a Kaduna, an ba mu dogon hutu. Shi kuma walda yake yi a Rafin Guza, ya bar wa abokin aikinsa shago. Niyyarmu mu bi ta ƙasa har Akra, mu ga teku, sannan mu dawo ta jirgin sama, domin ba wanda ya taɓa hawa a cikinmu. Tikiti mafi araha muka saya, irin wanda in ka makara ya bi ruwa.

Ranar da na je sallama a Unguwar Sarki, mahaifiyata ta saurari jerin garuruwan da za mu bi. Da na ambaci Kumasi sai ta ɗago kai.

"Can yayana ya tafi tun ban yi aure ba," in ji ta. "Tela ne. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru. In ka isa, ka tambaya."

Na ce to, Umma. Irin "to" ɗin da ake faɗa a wuce wurin.

Muka hau mota a Kawo, kowa da jakarsa a baya. Daga Katsina muka tsallaka ta Jibiya zuwa Maraɗi, sai Yamai, sai Wagadugu. Mun kwana a tasha, mun kwana a shirayin masallaci, sau ɗaya kawai muka kama ɗaki. Na yi wata uku ina koyon Faransanci a waya, amma a bakin iyakar Burkina da jami'i ya yi mini tambaya ɗaya, ko kalma ban kama ba. Abokina ne ya gaishe shi da Hausa, mutumin ya amsa, ashe katin allurar rigakafin ciwon shawara yake nema. Tun daga ranar abokina ya koma kirana "Malam Mushe", wai "Monsieur" na Faransawa.

Mun shiga Kumasi saura kwana uku jirginmu ya tashi. A lissafina, kwana ɗaya a nan, ɗaya a bakin teku, ɗaya a Akra. Da safe muka sha koko da ƙosai a zango, na tambayi mai kokon da wasu mutum biyu ko sun san wani tela ɗan Kaduna. Suka ce a'a. Na ɗauki jakata na ce mu nufi tasha.

"Shi ke nan neman?" in ji abokina.

Na ce ai na tambaya. Zan gaya mata mun nema ba mu samu ba.

Ya ce, "Kai ka gaya mata. Amma ni in Umma ta tambaye ni, zan ce mata mutum uku ka tambaya kana shan koko."

Na ji haushi sosai. Na tuna masa tekun da muka sha wahalar hanya dominsa. Ya sauke jakarsa ya zauna a kai. Na san halinsa, in ya zauna haka ko da igiya ba a ɗaga shi.

Haka muka yini muna bin layukan teloli. Matasan ba su san shi ba. Bayan la'asar abokina ya ce mu daina tambayar masu aiki, mu tambayi waɗanda suka daina. Muka tsaya a ƙofar wani masallaci inda dattawa ke zaune a kan benci. Na faɗi sunan, suka dubi juna. Can wani tsoho ya ce sunan bai san shi ba, amma akwai wanda suke kira telan Kaduna, idonsa ya mutu, yana wajen 'yarsa a wata unguwa can bayan gari. Ya ce mu bari sai gobe ya raka mu, domin ba za mu gane gidan ba. Ranar teku ke nan ta tafi.

Washegari muka same shi zaune a kan tabarma a tsakar gida, siriri, da carbi a hannu. Tun kafin a ce komai na ga goshin mahaifiyata a fuskarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ɗan wane ne ni. Sai ya miƙo hannu ya shafa fuskata.

"Tana raye?"

Na ce tana nan lafiya, Kawu, ita ta aiko ni.

Ya ce ya bar gida da alkawarin ba zai dawo ba sai ya zama wani abu. Bai zama ba. Kunya ta hana shi rubutu, shekara ta bi shekara, har ya ga ba shi da bakin da zai fara. Bai yi kuka ba, 'yarsa ce ta shige ɗaki.

Na kira mahaifiyata da wayar 'yar, na ce ga Kawu. Na kara masa a kunne. Daga inda nake ina jin muryarta. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta tambayi dalili ba. Cewa ta yi, "Yaya, Inna ta yafe maka tun kafin ta rasu. Ta ce in gaya maka in na gan ka." Sai a nan ya sunkuyar da kai. Ni da abokina muka fita waje muka ba su wuri.

A gidan muka kwana. Washegari mun kama motar Akra da ƙyar, muka isa filin jirgi ana shirin rufe layi. Tekun ta tagar jirgi na gan shi, shi ma abokina ne ke zaune a bakin tagar. A Legas jirgin ya sauke mu, daga nan muka sake hawa mota zuwa Kaduna, ƙafafu a kumbure.

Kawu ya rasu bayan wajen shekara biyu. Ba su sake haɗuwa ido da ido ba, amma duk Juma'a sai sun yi waya, kuma 'yarsa ta zo mana da yaranta sau biyu.

Mutane kan yaba mini, wai na gano ɗan'uwan mahaifiyata a wata ƙasa. Nakan yi murmushi kawai. Ni na san mutum uku na tambaya. Da ni kaɗai ne a tafiyar nan, da na dawo da hotunan teku da ƙarya mai laushi, Umma ta ce Allah bai nufa ba, ta sa mini albarka. Saƙon da ta riƙe shekara da shekaru kuma ta tafi da shi kabari, ni ko sanin akwai shi ban yi ba.

Shi ya sa in ƙannena suka ce in ba su shawarar irin wannan tafiya, ba na fara musu da maganar biza ko canjin kuɗi. Ce musu nake yi su nemi abokin da zai iya zama a kan jakarsa ya ƙi tashi.