Wankan Jegon da Na Aika Nepal

A shekarar da na zama likitan masu jego na ƙasar Nepal ban san inda ƙasar take ba. Har yau in ka ce in nuna, gabas zan nuna, don duk abin da ya wuce Funtuwa nisa a gabas nake ajiye shi. Karatuna aji biyu ne, na biyun ma a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi.

Ɗana na biyu yana aikin gini a Saudiyya. Ya tafi ya bar matarsa da ciki a gidana, a ƙauyenmu gefen Yankara. Haihuwar fari ce, kamata ya yi ta tafi wanka gidan iyayenta can wajen Sabuwa, to mutanen daji sun tashi garin, iyayen ma a ɗakin aro suke raɓe. Sai tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta ce ita za ta yi mata wankan.

Ta haifi namiji. Daga ranar suna muka fara ganin kunya irin wadda aka daina yi. A wajenmu uwa ba ta rawar jiki da ɗan fari a gaban surukai, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa. Amma yarinyar nan ta wuce kowa. Jariri na tsala kuka a gefenta, ita tana kallon bango. Sai an ɗora mata shi a cinya take ba shi nono, fuska a kauce. A kai mata tuwo, ya dawo yadda aka kai shi. Mata masu shigowa suna ta cewa, "Kai, Inna, kin yi dacen suruka! 'Yan yanzu ina suka ga wannan kunya?" Tsohuwata har tafiyarta ta canja. Ni kuwa suruki ne, ban taɓa tsayawa na kalli fuskarta ba, gaisuwarmu daga bayan zana take. Da gaisuwar ta daina zuwa, sai na ce kunyar ce ta ƙaru. Yarinya tana narkewa a tsakar gidana, mu muna yi mata kirari.

Wata Juma'a da safe ɗana ya bugo waya.

"Baba, ka sa wani abokin aikina a addu'a. Mutumin Nepal ne, ɗakinmu ɗaya. Matarsa ta haihu can garinsu, ta daina magana, sai kuka. Shi ma nan ya kasa cin abinci."

"An yi mata wanka?"

"Wane wanka?"

"Wankan jego mana! Da ruwan sanyi suka bar ta?"

"Baba, addu'a na ce."

"Addu'ar na nan zuwa. Miƙo min shi."

Ba Hausa gare shi ba, ɗana kuma ba ya jin nasu yaren. Abin da ya haɗa su Larabci ne na wajen gini, irin na kawo siminti, sauke bulo. Da shi aka kai maganina. Na ce a samu babbar tukunya, a tafasa ruwa da ganyen darbejiya, a riƙa fyaɗa mata safe da yamma har kwana arba'in, a bi da kunun kanwa. Ina ji ɗana yana cewa ruwa, wuta, itace, mace, arba'in. Wallahi ban san abin da ya isa Nepal ba. Mai yiwuwa baiwar Allah ta ji an ce a dafa ta.

Amsa ta dawo wai su mai suke shafa wa mai jego su zaunar da ita a rana, kuma ba su san kanwa ba. Na ce ƙasar da babu kanwa ina mata za su yi lafiya? Ranar kasuwar Yankara na sayi dunƙulen kanwa kamar kan ɗan maraƙi, na ajiye ina jiran mai tafiya Umara.

Bayan sati biyar ɗana ya ce matar ta fara samun sauƙi. Ban bar rumfa ɗaya a kasuwa ba. Mahauta suka sa min Likitan Nepal. Wani Bafulatani ya tsare ni da gaske, wai saniyarsa ta haihu ta ƙi ɗanta, ko zan duba.

Sai aka ce matar tana son ta yi min godiya da kanta, ta waya mai hoto. Mijin ya kira ta da tasa wayar, ɗana ya kira ni da tasa, suka haɗa wayoyin fuska da fuska kamar raguna za su yi karo. Na sa babbar rigata ta Sallah, na zauna jikin rumbu, don nan kaɗai sabis ke kamawa a gidan. Ban lura ba, ashe surukata tana kan tabarma a bayana.

Ga mata 'yar ƙarama a gilashi, da jan ɗigo a goshi, jariri a ƙirji, dutse a bayanta ya tokare sama. Ta haɗa tafin hannu ta sunkuyar da kai. Na gyara hula.

"Tambaye ta, wankan ya karɓe ta?"

Magana ta tafi, ta zaga, ta dawo.

"Baba, ta ce ba ta yi ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Wai akwai wata mata a ƙauyensu mai bin gidajen masu jego, ita ta kai ta asibiti. Aka zauna aka saurare ta, aka ba ta magani, uwarta ta zo ta zauna da ita."

Ina shirin kawo zancen kanwa sai na ga matar ta daina kallona. Ta matso da fuska, tana nuna bayan kafaɗata.

"Baba, ta ce wace ce a bayanka?"

"Matarka ce mana."

"Ta ce tun da aka fara magana yaron ke kuka, ba ta waiwaya ba."

"Gaya mata kunya ce. Mu nan muna da kunya."

Matar ta girgiza kai, ta yi magana da ƙarfi, tana dukan ƙirjinta. Wannan karon Larabcin gini bai zubar da komai a hanya ba. Ɗana ya kawo min ita yadda take.

"Ta ce: ita da ni, ciwo ɗaya. Kada a bar ta ita kaɗai. Asibiti. Yau."

Na juya. Ran nan na fara kallon fuskar matar ɗana. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, ɗankwali ya zame ba ta ma sani ba. Tsohuwata da ke tsaye da ludayi ta ce a hankali, "Malam, shekaranjiya ta tambaye ni rijiyar nan gaba nawa ce. Na ɗauka igiyar guga za ta ƙara."

Da babbar rigar Sallah a jikina na ciro ƙyauren ɗakina na kifa a bakin rijiya, na danne da dutsen niƙa da dunƙulen kanwar Nepal. Kafin azahar muna asibiti a Ƙanƙara. Malamar asibitin ta fitar da mu, ta daɗe da yarinyar, sannan ta kira ni.

"Baba, wannan ciwo ne, yana kama mata bayan haihuwa. Ba kunya ba ce, ba iska ba ce. Kuma ana warkewa."

"Na sani, 'yata. Ina da marasa lafiya har ƙasar waje."

Tsohuwata ta take min ƙafa.

Na je da kaina na ɗauko uwar yarinyar, na bar musu ɗakina marar ƙyaure, na koma zaure. Sauƙin bai zo da gudu ba. Sai da aka yi ta komawa asibiti, wata rana gaba, wata rana baya. Gaisuwa ta bayan zana kuwa na soke ta. Kullum da safe ni nake zuwa in tsaya a gabanta in ce, "Ɗiyata, kin yi barci? Mi kika ci?" In ba ta ci ba, ni ma in ƙi ci, tsohuwata ta yi ta faɗa da mu biyu.

Da kaka, ina gyaran zana, na ji ana kiran sunan jikana da ƙarfi. Uwarsa ce, ta cilla shi sama tana cafewa, tana dariya, a gabana, a gaban maƙwabciya. Maƙwabciyar ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ɗan fari, a gaban suruki? Ina kunyar nan ta tafi?"

Na ce, "Ƙyale ta, Hajiya. Ni na rubuta mata wannan maganin."