Waƙoƙin Malam Yamusa na Bayan Azahar

Shekara tara muna ɗaki ɗaya da Malam Yamusa a sashen fayil na wata ma'aikata a Abuja. Lokacin farar hula sun dawo, mai yana tsada, kowane darakta yana sauya mota. Shi Malam ba ruwansa da mota. Wahalar duniya ce ta dame shi.

Da an idar da azahar sai ya kife kai a tebur. Wai ba barci yake ba, nuna masa abubuwa ake yi. Ya farka ido jajir, ya ce ya ga yunwa a wata ƙasa, ya ga ruwa ya ci gari a wata. Sai ya zari duk takardar da ta fi kusa, ya juya bayanta, ya hau rubuta waƙa yana sharar hawaye. Waƙar da daɗi, ban hana shi ba. Tausayin nasa ne ba ya tashi sai abin ya kai nisan jirgin sama.

Lucy, ma'aikaciyar jinya a ɗakin shan maganinmu, ta kawo takardar neman a mayar da ita Kwali, inda mahaifiyarta ke kwance, ɓarin jiki ya shanye. Duk Litinin tana gaban teburinsa.

"Oga, takarda na ya fito?"

"Tana hanya. Ki yi haƙuri, duniya gidan jarrabawa ce."

Wata bakwai ana haka. Ni da kaina na birkice kabad uku, babu takarda. Tsohuwar ta rasu wata Laraba, Lucy tana bakin aiki. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ranar walimar ritayarsa aka roƙe shi ya karanta waƙar da ya fi so. Ya miƙe, ya ɗaga takarda sama, ya fara:

"Ya Rabbi dubi tsohuwa a kwance,
Ba ɗa kusa, ba mai miƙo ruwa."

'Yan baya suna ta kabbara. Mu na gaba kuwa ɗaya gefen takardar muke kallo: ga hoton Lucy a manne, ga hatimin karɓa, ga sa hannun Malam.

Lucy ta bari ya dire baitin, sannan ta tashi.

"Oga, ka gama? To juya shi, ka karanta nawa."