Cokalin da Malam Sammani Bai Goge Ba

Malam Sammani ba ɗan maƙera ba ne, kuma maƙeran Katsina ba su taɓa bari ya manta da haka ba. Mahaifinsa ɗinkin hula yake yi a unguwar Gobarau. Shi kuwa boko ya yi, ya zama akawu a sakatariya, ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Amma tun yana aiki, in ya taso da yamma sai ya ratse maƙera, ya tsuguna yana kallon yadda ake narka tagulla, kai ka ce aiko shi aka yi. Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka tireda zai buɗe. Sai ga shi ya share ɗakin ajiya na gidansa a Ƙofar 'Yandaka, ya haƙa murhu, ya haɗa wilin keke da 'yar fanka don zuga wuta. To, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ba don sayarwa yake yi ba. Ƙararrawar akuya, mariƙin ƙofa, murfin buta, duk wanda ya yaba sai ya ba shi. Zubin kaki ya fi so: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, in ya bushe a gasa har kakin ya tsiyaye, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. In ya huce a fasa yumɓun. Zubi ɗaya ake samu, domin kakin ya tafi, yumɓun ma ya tafi. Aibinsa kuwa guga ne. In Malam Sammani ya ɗauki magagari, ba ya ajiyewa sai ya ga fuskarsa a jikin ƙarfe, har ƙarƙashin murfin da babu mai leƙawa.

Matarsa Lailatu ofis take ce wa ɗakin. In baƙo ya yi sallama sai ta ce Malam yana ofis, a jira a tashi. Ta yi mitar hayaƙi a kan shanyarta har ta gaji, ta koma ɓoye murafun tukwanenta kada su ƙare a murhu.

Wata safiya tana tankaɗe hawan jini ya kayar da ita. Allah ya sa da sauran kwana. Magana ta dawo, ƙafa ta soma takawa, dantsen dama ma yana ɗan ɗaguwa, amma yatsun sun lanƙwashe sun ƙi buɗewa. Ba ta iya yankar loma, cokali kuma zamewa yake yi.

A nan wahalar ta soma. Lailatu irin matan da ne. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, bai kuma taɓa ganin ta kai loma baki ba. 'Yarsu Rashida, wadda ke aure a GRA, takan zo ta ba ta a baki, amma cokali biyu sai ta kau da kai. An kira limamin unguwa ya yi mata bayani daga zaure cewa mai lalura ya ci da hagu babu laifi. Ta ce ta ji, ta gode, amma hannun da take tsarki da shi ba ya kai mata abinci ya wuce maƙogwaro. Ranar da Malam Sammani ya ɗauki kwanon da kansa, sai ta juya fuska bango.

"Malam, ni ba jinjira ba ce. Aje nan."

Ya ajiye, kunun ya huce a inda yake. Ta yi ta ramewa har awarwaronta ya soma gangarowa gwiwar hannu. Likita ya ce magani ba ya aiki a cikin da babu komai. Tsoro ya kama Malam Sammani, tsoro na gaske, ya ga matarsa za ta tafi da yunwa a gidan da akwai hatsi.

Wata hantsi ya shigo da curin kaki da ya ɗumama a rana. Ya roƙe ta aron hannunta. Ta dube shi kamar ya zautu, ta tambaye shi mi zai yi da hannun da ya mutu. Bai amsa ba. Ya cusa kakin a tsakanin lanƙwasassun yatsun, ya ce ta matse iya ƙarfinta. Da ya zare, ga gurbin kowane yatsa, har da zanen tafin hannu. Ya liƙa wa curin bakin cokali na kaki, ya lulluɓe da yumɓu. Tagulla za ta yi mata nauyi, saboda haka ya narka alminiyam, irin wanda ake zuba tukwane da shi.

Zubi ya fito lafiya. Sai dai hali zanen dutse ne. Ya dubi mariƙin nan mai tudu da kwari, ya ga ba abin da zai miƙa wa matarsa ba ne, ya ɗauki magagari don ya ɗan rage kaifi. Ɗan ragewa ya zama wuni guda. Cokali ya fito sumul yana walƙiya, mafi kyawun abin da ya taɓa yi. Da Rashida ta sa shi a hannun uwarta, sai ya juya ya sulluɓe, kunu ya zube mata a zane. Garin neman gira an rasa ido. Hawaye suka zubo wa Lailatu, shi kuwa ya koma ɗakinsa ya zauna cikin toka yana jin kunyar kansa.

Komawa neman hannun ya fi zubin wuya. Ta ƙi, ta ce a bar ta da Allah, ya daina wahalar da gawayi. Sai dattijon nan ya durƙusa a bakin gadonta, abin da bai taɓa yi ba.

"Laifina ne, ba na hannunki ba. Ki ƙara ba ni sau guda."

Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta zaro hannun daga cikin mayafi. Wannan karon matsar ba ta kai ta farko ƙarfi ba, ya kuma ji hakan a cikin kakin.

Da ya fasa yumɓun bayan kwanaki, ya goge bakin cokalin kaɗai don kada ya yanke ta, ya wanke shi tas. Mariƙin kuwa ya bar shi yadda ya fito, toka-toka, mummuna kamar saiwar rogo. Hannunsa na ƙaiƙayin guga, ya jefa magagarin bayan buhun gawayi.

Da kansa ya sa mata. Kowane yatsa ya faɗa gurbinsa, cokali ya zauna daram. Ta ɗaga shi, ta sauke, ta sake ɗagawa. Rashida ta matso da kwanon fate, ta toshe bakinta da gyale. Malam Sammani ya tsaya a kansu, ya ƙura ido yana jira. Lailatu ta dubi kwanon, ta dubi ƙafafunsa.

"Malam, hita mana. Abinci za ni ci."

Ya fita. Ya zauna a dokin ƙofa, ya ba ɗakin baya, ya sunkuyar da kai. Can ya ji ta yi bisimilla a hankali. Sannan ya ji cokali ya taɓa kwano, aka yi shiru mai tsawo, ya sake taɓawa.